Bargon ƙyallaye: inda ake samo zane da yadda ake yanka kwalinsa

Duk shagon telan da aka leƙa a Sabon Gari ko Tudun Wada a Zariya bayan sallah, ba a rasa buhu a lungu cike da ƙyallayen atamfa da shadda da yadi. Kaɗan ake cusawa a matashi, sauran bola ce makomarsu. Alhali da su ake haɗa bargo mai hawa uku: fuskar sama da aka harhaɗa da ƙyallaye, auduga ko faiba a tsakiya, shafi a ƙasa, sannan a bi ukun da ɗinki ya riƙe su wuri guda. Sanyin Disamba da Janairu a Zariya ya isa dalilin yin sa, kuma idan an yi shi da kyau yana shiga kayan ɗakin amarya ba tare da kunya ba.

Wannan ɗinki ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah ya ga 'yan lifida. Lifidi yadi ne biyu da aka cusa wa auduga, sau da yawa ta rimi, aka bi shi da ɗinki don kada audugar ta gangara ta taru a ƙasa, kuma a zamanin yaƙi shi ke tare wa doki da mahayinsa kibiya. Dabarar bargon ita ce dabarar lifidi, nauyin ne ya bambanta.

Zane biyu bargon yake da shi, kuma rashin rarrabe su ne ke ɓata aikin masu farawa. Akwai zanen haɗi, wato yadda aka yanka ƙyallaye aka jera su. Akwai kuma zanen ɗinki, layukan da allura ke bi tana ratsa hawa ukun. Na farko shi ido ke fara gani, shi ya sa ake ƙarar da ƙarfi a kansa. Na biyu shi ke yanke hukuncin ko bargon zai kai shekaru, ko kuwa wanki uku za a yi audugar ta dunƙule gefe guda. Kwalin zane, wanda masu rubutun allon talla ke kira sitensil, saboda na biyun ake yin sa.

Inda ake samo zanen haɗi

Intanet cike take da su. Pinterest da YouTube sun fi sauƙin shiga, amma wanda ke son ganin tsofaffin aikin hannu masu tsari ya duba hotunan gidan tarihin barguna da ke birnin Lincoln a jihar Nebraska ta Amurka, ko na gidan tarihin Victoria and Albert (V&A) na Landan, duka suna nuna kayansu a shafukansu. Zane biyu ya kamata mai farawa ya nema da sunansu. Nine Patch gida ne, wato yankin da ake maimaitawa a fuskar bargo, na murabba'ai 9, uku-uku a jere uku. Log Cabin kuwa ƙaramin murabba'i ne a tsakiya, ana kewaya shi da dogayen ƙyallaye ɗaya bayan ɗaya, ya yi tashe a Amurka tun shekarun 1860, kuma babu zanen da ya fi shi cinye siraran ƙyallayen da ke fita daga gefen riga da zani.

Idan an sauko da zane za a buga, a gaya wa mai kwamfutar ya buga shi a kan kashi 100 cikin 100, kada ya bar injin ya daidaita shi da takarda. Takardar Amurka faɗinta inci 8 da rabi ne, A4 da muke amfani da ita ba ta kai haka ba, don haka injin kan rage zanen da kashi 3 cikin 100 ko fiye. A gidan inci 12 wannan ragi ya wuce sulusin inci. Yawancin zanukan suna zuwa da ɗan murabba'in gwaji na inci 1 a gefe, a ɗora masa rula tun a shagon kafin a biya kuɗi.

Ni dai a ganina, wanda ke zaune a Zariya bai kamata ya tsaya ga na waje kaɗai ba. Askar da ke gaban babbar riga dogayen alwatika ne masu tsini, kuma suna haɗuwa da ƙyalle idan an zana su a takarda aka ɗinka ƙyallen a kan takardar, daga baya a yage ta. Tabarma tana da tsarin layuka masu hawa da sauka. Saƙi yana da rariya fari da baƙi. Takardar giraf ta 'yan makaranta ta isa wajen kwafo su: a ɗauki kowane ɗan gida a matsayin inci 1, a zana gida guda, a shafa masa kala, a maimaita shi sau huɗu a ga yadda zai haɗu da maƙwabtansa.

Atamfa tana da hayaniya, shi ne matsalarta a wannan aiki. Idan aka jera masu manyan furanni kusa da juna, zanen haɗin ɓacewa yake yi. Maganin shi ne a raba ƙyallayen kashi biyu, masu duhu da masu haske, a shimfiɗa su a ɗauki hoto da waya a mayar da shi baƙi da fari. Duk biyun da suka zama launi ɗaya a hoton, kada a sa su gefe da gefe. Yadi marar zane, fari ko ruwan madara ko shuɗi mai duhu, shi ke ba ido wurin hutawa, kuma a kansa ne zanen ɗinki zai fito.

Kafin almakashi ya taɓa komai, a wanke ƙyallayen a goge. Atamfa tana raguwa a wankin farko, wata kuma tana zuba. A jiƙa gefenta a danna a kan farin ƙyalle, idan ta bar launi a ware ta. Shaddar da aka rina, musamman ja da shuɗi, sai an yi mata wannan gwaji sau biyu. Leshi da duk yadin da ke miƙewa a bar su, ba sa zama lafiya kusa da atamfa.

Lissafin gado mai ƙafa 6 da 6

Katifar inci 72 ce kowane ɓangare. Bargo mai inci 92 zai sauko inci 10 ta kowane gefe. Gidaje 7 a jere 7, kowanne inci 12, sun ba da inci 84, sai baki mai inci 4 ya kewaye. Gidaje 49 ke nan. A yi 25 na murabba'i tara, 24 na yadi marar zane, a jera su ɗaya bayan ɗaya.

Rarar ɗinki kwatan inci ce a kowane gefe, saboda haka duk abin da za a yanka ana ƙara masa rabin inci. Ƙananan murabba'ai 225 a yanka su inci 4 da rabi, gidajen fili 24 a yanka su inci 12 da rabi. A yadi mai faɗin inci 45, ƙananan za su ci kimanin yadi 3 da rabi idan ba ƙyallaye ake da su ba, na filin yadi 3, bakin yadi 1 da kwata, ƙyallen da za a naɗe gefe da shi kuma kwata uku na yadi. Shafi da audugar tsakiya su zarce fuskar da inci 4 ta kowane ɓangare, wato inci 100 da 100, domin ɗinki yana jan su ciki.

Kwatan incin nan ba abin wasa ba ne. Idan ɗinki ya zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci kawai, ƙyalle biyu ya ci, kuma ɗinki biyu ne ke ratsa kowane gida, don haka gidan zai fito ƙasa da na filin da kwatan inci. Daga nan kusurwoyi ba za su sake haɗuwa ba. A auna kwatan inci daga allura, a liƙa salatif na takarda a kan farantin keken ya zama iyaka, a ɗinka gida guda na gwaji. Idan bai fito inci 12 da rabi cif ba, a gyara salatif ɗin kafin a ci gaba. Yanka kuma ya bi tsawon zaren yadin, domin ƙyallen da aka yanka a karkace yana miƙewa a ƙarƙashin dutsen guga.

Kwalin zane

A nan aikin yake. Gidajen fili 24 ɗin nan kowanne yana son zane iri ɗaya, girma ɗaya, a tsakiya cif. Hannu kaɗai ba ya iya maimaita haka sau 24, sai da kwali.

Girman zanen ya kasa gidan da inci 1: gidan inci 12, zanen inci 11. Dalili kuwa rarar ɗinki tana kwance a ƙarƙashin gefen gidan, wurin yana da kauri, allura ba ta jin daɗin ratsa shi, kuma zanen da ya hau kan haɗi ba ya fitowa. Idan zanen da aka samu ƙarami ne, a raba girman da ake so da girman da yake da shi a ninka da 100. Zanen inci 8 da ake so ya kai 11, a ce wa mai fotokwafi ya ɗaga shi zuwa kashi 138, a kan takardar A3, don A4 ba za ta ɗauka ba.

Kwalin katan yana aiki, amma bakinsa na cinyewa bayan an bi shi da fensir sau goma sha, zanen ya riƙa faɗaɗa. Robar bangon fayil ta fi shi. Tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti ya fi duka, ba ya yagewa, ba ya jin ruwa, kuma idan an jiƙa shi a ruwan bilic baƙin jikinsa na wankewa a riƙa ganin yadin ta cikinsa. A yi wannan a waje da safar hannu. Ganin yadin ta ciki shi ke sa a daidaita zanen da kusurwoyin gida ba da ka ba.

A ɗora robar a kan zanen a kwafe da maka mai siririn baki, a ja layi biyu masu gicciye da suka haɗu a tsakiya don daidaitawa. Sai a ɗora ta a kan gilashi ko katako mai santsi a yanka da sabuwar reza. Kowane layi tsaga ce mai faɗin da bakin fensir zai shiga ya yi tafiya, kimanin milimita 2, wato yanka biyu kusa da juna a cire siririn da ke tsakani. Kada a yanke layi gaba ɗaya. Bayan kowane inci 1 da rabi zuwa 2 a bar gada mai faɗin kwatan inci, in ba haka ba tsakiyar zanen faɗowa zai yi, ko tsagar ta buɗe baki layin ya karkace. A wurin lanƙwasa a riƙa juya robar, hannun da ke riƙe da reza ya tsaya a inda yake.

Dagi ya dace da wannan aiki fiye da yawancin furannin da ake saukowa da su daga intanet. Layukansa suna saƙa juna, wannan ya bi ta sama wancan ta ƙasa, kuma daidai inda layi zai nutse ƙarƙashin ɗan'uwansa nan ne wurin barin gada. Gadar ta riƙe kwalin, ta kuma nuna wa mai ɗinki inda zai tsaya. Ga shi a bangon tsofaffin gidajen cikin birni da jikin riguna da huluna, sai dai a ɗauki hoto daga gaba sosai, don hoton da aka ɗauka a karkace yana ba da dagi mai gurguwar ƙafa. Rubu'in zanen kawai za a gyara da hannu, a ninka takarda huɗu a kwafe sauran, ɓangarorin su fito daidai. Masu zana wa babbar riga aiki kafin a ɗinka suna nan a cikin birni, kuma wanda hannunsa bai faɗa ba zai iya kai musu takarda mai inci 11 su zana masa. A roƙe su su rage cikon ciki, layukan waje kaɗai ake bukata.

Zanen faifai, da'ira cikin da'ira, ba ya ma bukatar yanka. A samu siririn kwali mai tsawon inci 7, a huda shi a kowane inci, a kafa fil a hudar farko, a sa fensir a sauran ɗaya bayan ɗaya ana juyawa. Rubu'in da'ira da aka jera daga kusurwar bargo zuwa ɗaya kusurwar yana rufe fuskar duka, kuma shi ya fi dacewa da bargon da atamfarsa ta yi yawa, inda zane mai ƙawa ba zai fito ba ko an wahala.

Akwai hanya ta biyu ga zane mai yawan lanƙwasa. A zare zaren keke na sama da na ƙasa, a sa tsohuwar allura lamba 16, a bi layukan zanen a kan takarda mai kauri. Za ta fito da jerin huji. A daka alli ya yi laushi, a ɗaure shi a ƙyalle marar kauri ko tsohuwar safa, a ɗora takardar a kan yadin, ɓangaren da hujin ya yi kaushi yana sama, a riƙa goga ƙullin a kai. Gogawa ake yi, idan aka bubbuga garin yakan bazu a ƙarƙashi layin ya dushe. Ɗigon da ya fito a bi shi da alli nan take.

Abin da ake zanawa da shi

A kan yadi mai duhu, farin allin tela da aka fere bakinsa, ko siririn ragowar sabulun wanka da ya bushe. Sabulun ya fi daɗewa a jiki kuma wanki ɗaya ke fitar da shi. A kan mai haske, fensir mai tauri, a ja shi sama-sama. Biro haramun ne a wannan aiki. Alli mai launi, musamman rawaya da ja, yakan kama farin yadi ya ƙi fita. Alƙalamin nan mai shuɗin tawada da ruwa ke gogewa yana da kyau, da sharaɗi biyu: kada dutsen guga ya hau kansa, kada kuma a shanya bargon a rana da shi, don zafi na zaunar da tawadar. Da damina kuma laimar iska kan dusar da shi kafin a kai ga ɗinkawa. Ko me za a yi amfani da shi, a gwada a ƙyallen yadin a wanke a gani tukuna.

Zanen fensir a yi shi tun fuskar tana ita kaɗai a kan tebur mai tauri. Na alli da sabulu kuwa sai an haɗa hawa ukun, gida ɗaya ko biyu a lokaci guda, domin hannu na share shi. Bayan an ɗaga kwalin a haɗa guraben da gadoji suka bari, ban da na dagi da aka bari da gangan. A goge kwalin kafin a mayar da shi kan farin yadi.

Bakin bargo shi ke tona asirin gaggawa. Zane mai maimaituwa kowane inci 6 zai shiga inci 84 sau 14 daidai, amma bayan an gama haɗi da wuya a samu 84 cif. A fara zana kusurwoyi huɗun, a auna abin da ya rage a tsakaninsu. Idan 83 aka samu, kada a matse incin da ya ɓace a maimaici na ƙarshe. A yanko doguwar takarda daidai tsawon wurin, a raba ta 14, a sa alama a yadin, a riƙa ɗan jan kwalin baya a tsakiyar kowane maimaici. Ragin da aka raba wa 14 ido ba ya kama shi.

Haɗawa da ɗinkawa

Faibar da ake sayarwa a shimfiɗe kamar yadi ta fi sauƙi, siririyar ba mai kaurin kujera ba, kuma layukan ɗinki kada su yi nisa da juna fiye da inci 4. Audugar gona da aka shiɓe da hannu tana da ɗumi da nauyi mai daɗi, amma tana son ɗinki kowane inci 2, in ba haka ba ta rabu a wanki. Audugar rimi a bar wa matashi da lifidi: zarenta santsi gare shi, ba ya kama juna, sai an ɗinka aljihu-aljihu an ɗura ta. Wanda ke son mayafi marar nauyi na damina ya sa tsofaffin zannuwa biyu a tsakiya, yadda matan Bangladash da gabashin Indiya ke yi da tsofaffin tufafinsu.

A shimfiɗa shafi a kan siminti mai tsabta fuskarsa na ƙasa, a kama gefensa da salatif ya miƙe ba tare da an ja shi ba. A ɗora auduga, a ɗora fuska, a lallashe daga tsakiya zuwa waje. A kafe ukun da fil mai kulle ko manyan ɗinki na wucin gadi, tazarar faɗin tafin hannu, ana kauce wa layukan zane. Fil mai arha yana tsatsa da damina, kada ya kwana sati biyu a jikin farin yadi.

Ɗinki daga tsakiya yake farawa. A keken Butterfly ko Singer na ƙafa, haƙoran ƙasa suna jan shafi yayin da ƙafar da ke danne yadi ke tura fuskar gaba, shi ke kawo tattarewa a inda layuka suka gicciya. A sassauta nocin da ke saman kan keken don rage dannawar, a sa allura lamba 14, a buɗe ɗinkin ya zama 8 zuwa 10 a inci, a taka a hankali, hannu biyu a shimfiɗe gefen allura. Layukan da ke jere su tafi fuska ɗaya, idan ana zuwa ana dawowa yadin da ke tsakani murɗewa yake yi. Nauyin bargon kuma ya hau tebur, kada ya rataya yana jan allura.

Bargon inci 92 da ƙyar yake shiga hammatar ƙaramin keke, balle a juya shi ana bin dagi. Mafita ita ce a ɗinka kowane gida da audugarsa da shafinsa shi kaɗai, a bar inci 1 a gefe ba ɗinki, a haɗa fuskokin da keke, a datse audugar ta yi baki da baki, a kalmashe shafin da hannu ta baya. Mai ɗinkin hannu kuma ya yanki zare kamu ɗaya, ya goga masa kakin zuma don kada ya ƙulle, ya ja ƙullin farko ya nutse cikin auduga. Daidaiton ɗinkin ya fi ƙanƙantarsa muhimmanci.

An gama, a datse gefe da sikwayar kafinta, a naɗe shi da ƙyalle mai faɗin inci 2 da rabi da aka ninka biyu. Wankin farko da ruwan sanyi zalla, ba omo, sai alamar zanen ta fita sannan a sa sabulu, domin wani sabulun yakan mayar da shuɗin tawadar nan ruwan ƙasa. Kada a murɗe shi wajen matsewa, kuma kada a rataya shi a igiya ɗaya yana jiƙe, nauyin ruwan na tsinka zare. A shimfiɗa shi a kan tabarma a inuwa, a juya shi idan saman ya sha iska.